Tsimin Ruwan Gishiri: Yadda A Ke Shirya Sabon Tanki Kafin A Zuba Masa Kifin Teku Da Murjani

Alhazanmu na dā, waɗanda suka bi ta ƙasa suka ratsa Barno da Wadai da Darfur har suka kai bakin Bahar Maliya, sun kwana a inuwar murjani, ko sun sani ko ba su sani ba. Gama gidajen tsohon garin Sawakin, inda a ke shiga jirgin ruwa, da na tsohon birnin Jidda, inda a ke sauka, da dutsen murjani aka gina yawancinsu, wanda magina suka sassaro daga bakin teku. Mu nan in an ce murjani, abin da ya kan faɗo mana a rai shi ne jan dutsen wuya da mata ke ado da shi. Wannan kuwa dangi ne kawai, daga Bahar Rum a kan samo mafi yawansa. Wanda za mu yi magana a kansa shi ne murjani mai gini, wanda ke tayar da tsaunuka a ƙarƙashin ruwa.

Wanda ya gan shi zai ɗauka tsiro ne ko dutse, alhali kuwa taron dabbobi ne. Kowace ɗaya 'yar mitsitsiya ce, sau da yawa ba ta wuce ƙwayar dawa ba, tana da baki guda da 'yan hannuwa kewaye da shi. Ta kan tsotsi sinadarin alli daga ruwan teku, ta gina wa kanta ɗan ƙoƙon dutse ta zauna a ciki. Dubbai ke zaune manne da juna, na baya suna ɗora gini a kan ƙasusuwan na gaba, yau da gobe har a sami tsauni. A cikin naman jikinta kuma akwai waɗansu 'yan tsirrai ƙanana ƙwarai, dangin gansakuka, su ke karɓar hasken rana su haɗa abinci su ba ta mafi yawansa, ita kuwa ta ba su masauki. Don haka ba ta zama sai a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi. Shi ya sa ba a samun irin wannan tsauni a gaɓar Ikko ko Fatakwal, inda Kwara da sauran koguna ke ta kwarara ruwan daɗi da laka. Amma Bahar Maliya, da ya ke babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta, cike ta ke da shi. Tsaunin Sanganeb da ke daura da Bur Sudan har hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016.

Tun da daɗewa mutane ke marmarin kawo ɗan yankin wannan duniya cikin ɗakunansu. A 1846 wata mace a Ingila mai suna Anna Thynne ta ɗauko 'yan murjani daga gaɓar ƙasarsu ta kai Landan, ta rayar da su shekaru a cikin kwanon gilashi, ana shiƙa ruwansu kullum daga wannan mazubi zuwa wancan a bakin taga don ya sha iska. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi na farko domin jama'a a gidan namun daji na Landan. Yau kuwa mutane masu yawa a Turai da Amurka da Asiya da ƙasashen Larabawa suna da tankin gilashi a gida, da kifi da murjani a ciki.

To, akwai wani kuka guda da kusan kowane sabon shiga ke yi. Ya sayi tanki, ya haɗa ruwan gishiri, ya jera duwatsu, ruwa ya kwanta tas kamar ba ruwa. Ran nan ya zuba kifi. Kwana biyu suna wasa, kafin mako ya zagayo sun daina cin abinci, suna haki, sai mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya duba ruwa, ga shi garau kamar jiya. Ruwa dai ba ya tsami banza. Abin da bai sani ba shi ne, akwai waɗansu halittu da ya kamata ya fara kiwo kafin kifi, waɗanda ido ba ya ganinsu, kuɗi kuma ba sa hanzarta su sai kaɗan. Makonnin da a kan yi ana jiran su yaɗu, su ne muka zaɓi mu kira tsimin tanki, aro daga yadda a ke tsima sassaƙe a tulu a bar shi har ya tsimu kafin a sha.

Dafin da ke fita daga kifi

Duk abincin da ke gina tsoka yana ɗauke da sinadarin naitirojin. In kifi ya ci, jikinsa ya ɗauki abin da ya ke bukata, sauran ya kan fitar da shi a matsayin amoniya, mafi yawa ta jajayen gaɓoɓin nan na gefen kansa da ya ke numfashi da su. Ragowar abincin da ya faɗi ƙasa, da kashin kifi, da duk abin da ya mutu a lungun dutse, su ma in sun ruɓe amoniya su ke zama. Mai karatu ya santa ko bai san sunanta ba, ita ce warin nan mai hawa ka da a kan ji a akurkin kajin da aka daɗe ba a share ba.

A teku wannan ba kome ba ne, don ruwa ya yi yawa, masu cinye ta kuma suna nan birjik. Masanan da suka biyo bayan Darwin, wanda ya rubuta littafi a kan tsaunukan murjani a 1842, sun yi mamakin yadda rai ke cunkushe a kansu alhali ruwan da ke kewaye da su kusan babu taki a cikinsa. Watau halittun wurin sun saba da ruwan da ya fi kowane tsabta. Sai ga shi an kulle su a tanki mai cin lita 200, inda abin da ya fita daga jikinsu ba shi da wurin zuwa.

Ana auna amoniya da miligiram a kowace lita. Miligiram ɗaya a lita daidai ya ke da giram ɗaya a cikin lita 1,000, watau kashi ɗaya cikin miliyan. Kaɗan ne ƙwarai, amma abin da bai kai haka ba ma ya isa ya ƙone gaɓoɓin numfashin kifi, ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ruwan gishiri kuma ya fi na kogi haɗari ta wannan fuska, ga dalili. Amoniya a cikin ruwa kama biyu gare ta, ɗaya mai sauƙin cutarwa, ɗaya mai ratsa fata ta shiga jini. Abin da ke raba yawansu shi ne ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, wanda masana ke aunawa da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ruwan teku kuwa yana tsakanin 8.1 da 8.3, watau ɓangaren kanwa. Duk hawan lamba ɗaya a ma'aunin nan, muguwar kamar ta kan ninka kusan sau goma, zafi kuma yana ƙara ta. Ka ga ke nan gwargwadon da tarwaɗa za ta jure a kududdufi ya isa ya hallaka kifin murjani.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Manoma sun daɗe da sanin cewa taki ba ya amfanin shuka sai ya kwana a ƙasa, amma ba a san abin da ke faruwa da shi ba sai a 1877. A shekarar nan waɗansu masana biyu a Faransa, Schloesing da Müntz, suka cika dogon bututun gilashi da yashi da alli, suka riƙa ɗiga masa ruwan ƙazantar gari kullum. Har kwana 20 ruwa na fita ta ƙasa da amoniyarsa yadda ya shiga. Daga nan sai ta fara raguwa, har ta ɓace sarai, wani sinadari dabam ya maye gurbinta. Suka ce da yashi ne ke wannan aiki, da tun ranar farko ya fara, jinkirin nan alama ce ta abu mai rai da ke hayayyafa. Don su tabbata, sai suka tura tururin kulorofom cikin bututun, maganin nan na sa barci da likitoci ke aiki da shi a dā. Aiki ya tsaya cik. Da suka zuba ɗan ruwan da aka jiƙa ƙasar lambu a ciki, aiki ya komo. Duk mai jiran tankinsa ya tsimu yau, gwajin mutanen nan biyu ya ke maimaitawa a ɗakinsa.

Wani Baturen Ingila, Robert Warington, ya nuna cewa aikin hawa biyu ne. Wani abin sha'awa, mahaifinsa, wanda su ke suna ɗaya, shi ne a 1850 ya bayyana yadda ya rayar da kifi biyu da ciyawar ruwa da katantanwa a tanki guda ba tare da sauya ruwa ba. Sa'an nan tsakanin 1890 da 1892 Sergei Winogradsky, haifaffen birnin Kiyef, yana aiki a Zurik, ya ware ƙwayoyin halittar da kansu, dangin bakteriya, ya raɗa musu suna.

Ga yadda abin ya ke. Runduna ta farko ta kan ci amoniya ta mai da ita naitirait. Runduna ta biyu ta ci naitirait ta mai da shi naitiret. Sunayen nan biyu sun yi kama, sai a lura: naitirait shi ne na tsakiya, naitiret shi ne na ƙarshe, shi ne kuma ainihin abin da tushen dawa ke sha daga taki. A ruwan kogi naitirait mugun dafi ne, ya kan shiga jinin kifi ya mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ya hana shi ɗaukar oksijin. A ruwan teku cutarsa ta ragu ƙwarai, domin gishiri ya kan tare masa ƙofar da ya ke shiga. Naitiret kuwa ba ya kisa sai ya taru da yawa. Saboda kowane hawa ana ƙara wa sinadarin oksijin, nauyinsa ya kan ƙaru: miligiram ɗaya na amoniya ya kan ba da kimanin 2.7 na naitirait, ya ƙare a 3.6 na naitiret. Kada mai awo ya firgita in ya ga lambar ƙarshe ta fi ta farko.

Akwai runduna ta uku can cikin ƙuryar ramukan dutse, inda oksijin ba ya kai wa sosai. Ita ta kan karɓi naitiret ta mai da shi iskar naitirojin, ya fice daga ruwa ya koma sararin sama, wanda dā ma kusan kashi huɗu cikin biyar nasa naitirojin ne. Amma wannan runduna ta fi sauran nawa, sai an yi watanni kafin a ga aikinta.

Shekaru kusan ɗari littattafai suna cewa Nitrosomonas da Nitrobacter, waɗanda Winogradsky ya ware daga ƙasa, su ne ke aiki a tanki. A 1998 bincike a tankunan ruwan daɗi ya nuna hawa na biyu yawanci aikin wata ce dabam, Nitrospira. A 2005 aka ware wata ƙwaya daga tsakuwar wani tankin ruwan gishiri a gidan kifi na birnin Siyatil a Amurka, aka sa mata suna Nitrosopumilus maritimus. Ashe ita ko bakteriya ba ce, daga wani reshe ne na halitta da a ke kira arkiya, ga shi kuwa danginta na cikin halittun da suka fi yawa a tekunan duniya. A 2015 kuma aka gano waɗansu Nitrospira da ke yin hawa biyun su kaɗai. Mai tanki ba ya bukatar haddace sunayen nan. Abin da zai riƙe halayensu ne guda uku: suna zaune manne a jikin dutse da yashi, ba yawo su ke yi a ruwa ba, ba sa aiki sai da oksijin, kuma suna da nawar haihuwa.

Dalilin jinkiri

Bakteriyar da ke ruɓar da nama, in ta sami yadda ta ke so, ta kan rabu biyu cikin minti 20 ko 30. Masu cin amoniya kuwa abincinsu ba shi da maiƙo, ƙarfin da su ke samu daga gare shi kaɗan ne, da shi kuma za su gina jikinsu daga iskar kabon kamar yadda tsiro ke yi, amma ba da hasken rana ba. Saboda haka su kan ɗauki sa'o'i masu yawa, sau da yawa kwana guda ko fiye, kafin ɗaya ta zama biyu.

Mu ƙaddara kullum su ke ninkawa. Ƙwaya ɗaya bayan kwana 10 ta zama 1,024. Bayan kwana 20 ta haura miliyan, bayan kwana 30 ta haura miliyan dubu. Abin lura a nan, rabin dukan rundunar a ranar ƙarshe a ke haifarsa. Shi ya sa mai tanki zai yi mako biyu yana awo bai ga kome ya motsa ba, har ya fara zaton an cuce shi, sa'an nan cikin kwana biyu ko uku amoniya ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Runduna ta biyu kuma ba ta da abin ci sai ta farko ta fara aiki, don haka nata jiran ya kan fara ne bayan na waccan ya yi nisa. In aka haɗa, tankin da aka fara da busasshen dutse ya kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas.

Haɗa ruwa da dutse

Ruwan teku na ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, na Bahar Maliya ya kan kai 40 saboda zafin rana da rashin koguna. Gishirin miya ba ya yi, don na teku haɗi ne na sinadarai masu yawa, har da magniziyam da kalshiyam da fotashiyam. Akwai wanda a ke haɗawa musamman domin wannan aiki, tanki mai lita 200 zai ci kilo 7 ko ɗan fiye. Ana auna shi da nauyin ruwa: in na ruwan daɗi 1.000 ne, a nemi 1.025 zuwa 1.026. Ruwan famfo ba shi da kyau, don kulorin da a ke sa masa domin kashe ƙwayoyin cuta ba ya bambanta mugu da nagari, ga kuma jan ƙarfe da ya kan kwaso daga bututu, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe murjani da jatan lande. Sai a yi aiki da ruwan da aka tace da na'urar nan mai matse shi ta cikin siririyar fata har ya fito ba kome a cikinsa. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Mutanen ƙasashen sanyi na'urar ɗumamawa su ke saye, wanda ke ƙasa mai zafi kuwa ta sanyayawa zai nema. A kuma sa injin da zai riƙa motsa ruwa dare da rana har fuskarsa tana rawa, ta nan oksijin ke shiga.

Dutse shi ne gidan ma'aikatan, don haka a ke son mai ramuka kamar soso, kimanin kilo ɗaya ga kowace lita 8 zuwa 10. Iri biyu ne. Akwai rayayyen dutse, watau gutsuren tsohon murjani da ya daɗe a teku ko a wani tsohon tanki, ya zo da bakteriyarsa da tsutsotsinsa da 'yan ƙaguwoyinsa. A farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya nuna cewa da irin wannan dutse da kumfar iska kawai a kan iya rayar da tanki, daga baya masu kiwo a Barlin suka kyautata hanyar. Aikinsa kamar na ɗan tsohon nono ne da a ke zuba wa madara don ta yi saurin kamawa. Aibinsa, ya kan zo da baƙin da ba a gayyata ba, waɗansu halittunsa kuma su kan mutu a hanya su ruɓe a tanki. Ga kuma ɓarnar fasa tsaunuka don samo shi, wadda ta sa aka hana ɗibansa daga tekun Fulorida kafin ƙarshen shekarun 1990. Yanzu mutane da yawa busasshen dutse su ke saye, wanda aka haƙo daga tudu ko aka ƙera, sa'an nan su sa masa iri da ɗan dutse ko ɗan yashi daga lafiyayyen tankin wani, ko da bakteriyar da a ke sayarwa a kwalba. Irin nan ya kan rage jira, wani lokaci zuwa mako ɗaya ko biyu, amma ba ya ɗauke wa mutum awo.

Ciyarwa da awo

Ma'aikata ba sa yaɗuwa ba abinci, sai a ba su amoniya da gangan. A dā a kan jefa wani ɗan kifi mai taurin rai a ciki, ya sha dafin, in ya rayu ya rayu. Wannan azabtarwa ce ba bisa larura ba, masu kiwo na ƙwarai sun bar ta. Waɗansu su kan jefa ɗanyen jatan lande guda su bar shi ya ruɓe, yana yi, sai dai wari, kuma ba ka san yawan abin da ka zuba ba. Hanyar da ta fi ita ce ɗiga ruwan amoniyam kulorait, gishirin amoniya tsantsa, har awo ya nuna miligiram 2 a lita. Kada a wuce 5, gama yawanta ya kan danne ma'aikatan da kansu, musamman runduna ta biyu.

Kayan awo 'yan kwalabe ne, a ɗebi ruwan tanki a ɗiga magani, ya sauya launi, a gwada da takardar launuka. A nemi na amoniya, da na naitirait, da na naitiret, da na pH. A riƙa awo duk bayan kwana biyu ko uku, a kuma sami littafi a rubuta kwanan wata da abin da aka gani, don ƙwaƙwalwa ta kan gaya wa mai gaggawa abin da ya ke so ya ji. Abin da littafin zai nuna shi ne tudu uku, ɗaya bayan ɗaya. Da fari amoniya na sama, sauran babu. Wajen mako na biyu ta fara sauka, naitirait ya hau. Shi kuma ya kan daɗe a sama har mutum ya ƙosa, sa'an nan ya sauka, naitiret ya bayyana. Muddin akwai naitirait a ruwa kada a gaskata awon naitiret, domin maganin awon ya kan haɗa su biyun ya ba da lamba mai ban tsoro.

In amoniya da naitirait duka sun koma sifiri, saura jarrabawa. A sake ɗiga amoniya har miligiram 1 ko 2 a lita, a jira sa'a 24, a auna. In ta ɓace, naitirait ma ya ɓace ko ya kusa, tanki ya tsimu. In da saura, a ƙara mako guda a sake. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, a nan kuwa maganar ba misali ba ce.

Abubuwan da ke mai da hannun agogo baya

Babbansu tsayawar ruwa. Kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya sai ya ci kimanin giram huɗu da rabi na oksijin kafin ya zama naitiret. In wuta ta ɗauke, inji ya tsaya sa'o'i masu yawa, aiki ya tsaya, in abin ya yi tsawo a yi asarar ma'aikata. Wanda ke inda wuta ba ta da tabbas, ya tanadi batir ko na'urar hasken rana tun kafin ya sayi gilashi. Na biyu, aikin nan yana haifar da tsami, kowane giram na naitirojin ya kan cinye abin da ya kai giram 7 na alli daga ƙarfin kanwar ruwa. In aka ga pH na gangarowa ƙasa da 7.8, a sauya wani kashi na ruwan. Na uku, tsabtar da ta wuce wuri: wanke dutse ko soson tacewa da ruwan famfo ya kan shafe aikin wata guda cikin minti ɗaya, in za a wanke sai da ruwan da aka ɗebo daga tankin. Haka kuma kada a zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Na huɗu, ruwa na tashi sama kullum ya bar gishirinsa, don haka da ruwan daɗi tatacce a ke cike gurbin, in aka cike da na gishiri sai tanki ya yi ta ƙara ɗaci. Fitila kuwa gara a bar ta a kashe, ma'aikatan ba sa bukatarta, gansakuka kaɗai za ta ciyar.

Bayan tsimi

Ran da tanki ya ci jarrabawa, a kwashe rubu'i ko rabin ruwan a zuba sabo don rage naitiret da ya taru. Sa'an nan a tuna yawan ma'aikata gwargwadon abincinsu ya ke. In aka zuba kifi goma rana ɗaya, an koma gidan jiya. A fara da ɗaya ko biyu ƙanana, a jira mako biyu ana awo, kana a ƙara. Ya fi kyau kowane sabon kifi ya yi 'yan makonni a wani ƙaramin tanki na dabam, a tabbata bai zo da cuta ba.

Da an kunna fitila, tanki zai shiga wani lokaci na muni, kada a karaya. Da fari wata ƙura mai ruwan ƙasa za ta rufe yashi da gilashi, 'yan tsirrai ne masu gina ɓawonsu da sinadarin yashi, in ya ƙare su kan tafi da kansu. Bayansu koren gansakuka mai kama da gashi, wani lokaci da wani jan yauƙi mai shimfiɗuwa kamar tabarma. A nan a ke sa katantanwar teku su yi kiwo. Alamar tanki ya fara girma ita ce ɓullar waɗansu tabo masu tauri, shunayya ko ruwan hoda, a jikin dutse. Gansakuka ce mai gina alli kamar murjani, inda ta ji daɗi, shi ma yana iya ji.

Tankin da ya isa ya riƙe kifi bai isa ya riƙe kowane murjani ba. A fara da masu taushin jiki, waɗanda ba sa gina ƙashi mai ƙarfi, sun fi haƙuri. Masu rassa kamar ƙahon barewa, irin su Acropora, masu kiwo su kan ba su wata shida zuwa shekara, don su abin da ke kashe su sauyi ne, ko da daga mai kyau zuwa mai kyau. Suna son kalshiyam ya zauna tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, magniziyam wajen 1,300, ƙarfin kanwa kuma ya tsaya wuri ɗaya mako bayan mako. Naitiret ma ba a so ya ƙare ƙaf, gama 'yan tsirran da ke cikin naman murjani suna bukatar ɗan taki kaɗan, in suka rasa sai ya koɗe.

Wani zai ce, duk wannan wahala domin 'yan kifin ado? To, sai ya tuna daga inda suka fito. Ko da ya ke ana hayayyafa waɗansu a tanki yanzu, yawancin ire-iren kifin teku da a ke sayarwa daga tsaunukan murjani a ke kamo su, musamman na Indunusiya da Filifin. Tsaunukan nan kuwa suna cikin wani hali. In zafin teku ya haura abin da suka saba da digiri ɗaya kacal, ya daɗe makonni, murjani ya kan kori 'yan tsirransa ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. An ga haka a faɗin duniya a 1998, aka gani a babban tsaunin Ostareliya a 2016, aka sake gani a 2023 da 2024. Dabbar da aka raba da gidanta, aka ketare teku da ita a leda, amana ce a hannun wanda ya saye ta. Mafi ƙarancin haƙƙinta a kansa shi ne kada ya sa ta a ruwa sai littafin awonsa ya nuna sifiri biyu, na amoniya da na naitirait, kwana guda bayan ya ɗiga amoniya da hannunsa.